Yawon filin yaƙin Waterloo da ɗan jagora: ya ci kuɗinsa, amma ku tambayi maganar ƙauyen Plancenoit kafin ku biya

Jama'ar da ke zaune Beljiyam da masu shigowa hutu ko ziyarar 'yan uwa, ga bayani kan yawon nan na yini guda da ake kwasar mutane daga Brussels zuwa filin yaƙin Waterloo, inda aka yi wa Napoleon karayar ƙarshe ranar Lahadi 18 ga Yuni 1815. Masu wannan harka suna da yawa, ba zan kama sunan kamfanin da na bi ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma tsarin nasu kusan duk ɗaya ne, ƙaramar bas, ɗan jagora mai jin Turanci da Faransanci, a tashi da safe a dawo da yamma, tikitin shiga wurare yana cikin kuɗin amma abinci kowa ya ji da kansa. Kuɗin ba kaɗan ba ne in ka kwatanta da wanda zai hau jirgin ƙasa zuwa Braine-l'Alleud ya sayi tikitinsa a ƙofa. Duk da haka ni dai na ce ya ci kuɗinsa, kuma jagoran ne ya sa ya ci, ba tsarin kamfanin ba.

Wurin ba nisa, bai kai kilomita 20 kudu da Brussels ba. Kuma ba a cikin garin Waterloo aka gwabza ba, filin yana gaba da garin, yawancinsa a ƙasar Braine-l'Alleud da Lasne, a Waterloo dai Wellington, kwamandan Ingila da ya ja rundunar ƙawance da ta tari Napoleon, ya kwana a wani masauki kuma daga can ya rubuta rahoton nasara zuwa Landan. Har yau gonaki ne ake nomawa, wanda ya je ba mai yi masa bayani wallahi alkama da dankali kawai zai gani da wani zaki a kan tudu, ya ɗau hoto ya dawo bai ƙaru da komai ba.

Jagoran namu dattijo ne ɗan ƙasar, tsohon malamin tarihi, kuma abin da ya fara burge ni shi ne bai kai mu wajen zakin ba tukuna, sai ya sa direba ya zarce da mu kudu zuwa gidan gonar Le Caillou inda Napoleon ya kwana daren yaƙin. Ya ce duk mai son ya gane yadda aka yi asarar nan ya fara daga ɗakin da aka yi shawara. Gidan ƙarami ne, an mai da shi gidan tarihi, a lambun baya akwai wani ɗan ɗaki da aka tara ƙasusuwan da manoma suka riƙa tonowa. A nan ne da safiyar ranar Napoleon ya karya kumallo da manyan hafsoshinsa bayan an kwana ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mashal Soult (mashal shi ne muƙami mafi girma a sojan Faransa), wanda ya sha karo da Wellington a Sifaniya kuma ya san shi sarai, ya ba da shawarar a dawo da wani ɓangare na sojojin da aka ba Mashal Grouchy don ya bi sawun 'yan Furushiya, wato Jamusawan da ke ƙawance da Wellington, sai Napoleon ya gwale shi a gaban mutane, ya ce don Wellington ya taɓa cin ka da yaƙi shi ya sa kake ganinsa wani babban janar. Janar Reille shi ma ya ce sojan ƙasa na Ingila in sun kafa ƙafa ba a tunkararsu gaba da gaba, sai dai a zagaye su. Jérôme ƙanin Napoleon ma ya kawo labarin da wani mai raba abinci a Genappe ya jiyo cewa 'yan Furushiya za su zo su haɗe da Wellington. Duk ba wanda ya saurara.

To a nan jagoran ya yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Ya fito da wata takarda mai hotunan mashal 26 da Napoleon ya naɗa a duk mulkinsa, 18 daga cikinsu tun 1804, ya ce mu ƙirga nawa ne ke cikin wannan yaƙi. Uku ne kacal, Soult da Ney da Grouchy, kuma shi Grouchy a watan Afrilun shekarar ma aka ba shi sandar. Sai ya shiga bi ɗaya bayan ɗaya yana faɗin ina sauran suke. Lannes, wanda ya taso yaron marini ya zama aminin Napoleon na gaske, ya mutu tun 1809 bayan harsashin igwa ya ragargaza masa ƙafafu a Aspern-Essling. Bessières an kashe shi a 1813. Poniatowski ɗan Folan ruwa ya ci shi a Leipzig a 1813 kwanaki kaɗan da naɗa shi. Bernadotte ya zama yariman Suwidin har ya juyo da bindiga kan tsohon maigidansa. Marmont ya miƙa rundunarsa ga abokan gaba a 1814, ya bi Sarki Louis na 18 gudun hijira. Masséna ya tsufa. Mortier ya taho amma ciwon ƙugu ya kwantar da shi kafin a tsallaka iyaka. Murat ɗan mai masauki da ya zama sarkin Naples, wanda duk Turai ba a yi mai jan dawaki kamarsa ba, ya yi gaggawar kai wa Ostiriya yaƙi aka fatattake shi a Tolentino a watan Mayu, ya gudo Faransa yana neman a ba shi aiki Napoleon ya ƙi ko ganinsa. Sannan Berthier, wannan shi ne babban rashi, mutumin da ya kusa shekara 20 yana karɓar maganar Napoleon ya mai da ita umarni a rubuce da kowane janar zai gane, ya faɗo daga taga a Bamberg ranar 1 ga Yuni 1815 ya mutu, sati biyu kafin a fara.

Waɗanda suka rage ɗin ma kowa an ɗora shi a kujerar da ba tasa ba, kuma ni a ganina nan ne gizo ke saƙar. Soult mutum ne mai jan runduna, shi ya ƙwace tudun Pratzen a Austerlitz a 1805, sai aka ba shi aikin Berthier na rubuce-rubuce da aika manzanni wanda bai saba ba. Davout, wanda da mutum kusan 26,000 ya karya babbar rundunar Furushiya da ta ninka shi a Auerstedt a 1806, wanda ya riƙe Hamburg har bayan Napoleon ya sauka a 1814, an bar shi a ofis a Paris yana ministan yaƙi. Suchet an tura shi tsaron duwatsun Alps. Grouchy gwani ne a harkar dawaki amma bai taɓa jan runduna mai girma haka shi kaɗai ba. Ney kuwa ranar 15 ga Yuni, ranar da aka tsallaka kogin Sambre a Charleroi, a ranar ya iso aka danƙa masa ɓangaren hagu gaba ɗaya, bai san ma inda rundunoninsa suke ba. Jagoran ya yi adalci fa, ya ce kada mu manta Paris cike take da masu jiran Napoleon ya yi tuntuɓe, irin su Fouché ministan 'yan sanda, dole ya bar mutumin da ya yarda da shi a can. Na yarda da wannan, amma duk da haka ka bar Davout a kan tebur ranar da za a yi ta ta ƙare, abin da ciwo.

A cikin mota ya ba mu labarin ranar 16 ga Yuni, kwana biyu kafin Waterloo, da taswira a hannu, don ba a zuwa Ligny da Quatre Bras a wannan yawon. A Ligny Napoleon ya doke Blücher kwamandan Furushiya, tsoho mai shekara 72 da aka harbe dokinsa ya faɗo ya danne shi, a Quatre Bras kuma Ney na fama da Wellington. Rundunar d'Erlon janar ɗin Faransa, mutum kusan 20,000, ta yini tana safa da marwa tsakanin filayen biyu, umarni ya zo daga wajen Napoleon ta nufi Ligny, Ney ya fusata ya aika ta dawo, har dare ya yi ba ta tsinana komai a ko'ina ba. Da ta faɗa wa Blücher ta gefe a ranar da wuya a ce za a yi wani Waterloo. Washegari kuma Napoleon da kansa ya ɓata safiya yana zagaya filin Ligny, sai wajen ƙarfe 11 ya ba Grouchy mutum 33,000 ya ce ya bi sawun 'yan Furushiya, alhali sun yi nisa tun cikin dare kuma arewa suka yi wajen Wavre, kusa da Wellington, ba gabas wajen gida ba kamar yadda aka zata.

Daga Le Caillou muka dawo La Belle Alliance, tsohon masaukin da ke tsakiyar sahun Faransawa, muka sauka, kuma a nan ne za ka gane amfanin zuwa da ƙafarka. Filin ƙarami ne ƙwarai, faɗinsa wajen kilomita 4, amma a ciki aka cusa Faransawa kusan 72,000 da mutanen Wellington kusan 68,000, daga baya 'yan Furushiya kusan 50,000 suka ƙaru. In ka tsaya inda Faransawa suka jera igwoginsu ka dubi arewa, wani ɗan tudu kawai za ka gani wanda ko hawa ba za ka kira shi ba, amma abin da ke bayansa ba ka gani sam. A bayan nan Wellington ya kwantar da yawancin sojansa. Ga ƙasa ta jiƙe sharkaf, harsashin igwa maimakon ya yi tsalle ya ratsa sahu sai ya nutse a taɓo, jan igwar ma aiki ne, shi ya sa ba a fara ba sai wajen 11 da rabi, kuma kowace awa da aka ɓata kyauta ce aka ba Blücher. Jagoran ya sa muka taka cikin hanyar gona muka ji yadda laka ke kama takalmi, don an yi yayyafi da safe. Ku zo da takalmin da ba ku jin tausayinsa, wannan ba wurin zuwa da sabon kufta da takalmi sau-ciki ba ne.

Hougoumont shi ne wurin da ya fi taɓa ni. Gidan gona ne mai katanga da lambu da sojan Wellington suka riƙe, an gyara shi a 2015 lokacin cika shekara 200. Niyyar farko a ɗan taɓa shi ne don Wellington ya janyo sojoji daga tsakiya, sai Jérôme ya mai da abin na zuciya ya yi ta tura mutane har gidan ya cinye wa Faransa dubbai yini guda ba a ƙwace shi ba. Akwai lokacin da wani ƙaton hafsan Faransa mai suna Legros ya fasa ƙofar arewa da gatari suka kutsa da wasu 'yan tsiraru, sai Kanar Macdonell na ɓangaren Wellington da mutanensa suka taru suka tura ƙyauren da ƙarfin tsiya suka rufe, waɗanda suka shiga aka gama da su a tsakar gida. Ka tsaya a bakin wannan ƙofa ka ga ƙanƙantarta ka tuna Wellington da kansa ya ce rufe ta ne ya tsai da ranar. Ɗan cocin da wuta ta kama yana nan, katangar lambun ma da ramukan da aka huda don zura bindiga. A rumbun gidan suna nuna wani shiri na haske da sauti mai kyau, amma ni tsayuwa a tsakar gidan shiru ya fi min.

Daga nan sai babban gidan tarihin, Mémorial 1815, wanda aka gina a ƙarƙashin ƙasa don kada ya tare filin, shi ma 2015 aka buɗe shi. Ana ba ka na'urar saurare a kunne, ka faro daga juyin juya halin Faransa ka bi har ka iso wani dogon zaure da aka jera mutum-mutumi sanye da kakin kowace runduna kamar suna maci zuwa fagen fama, sai fim na mintuna kaɗan da ake sa tabarau. Yara za su so shi sosai, amma akwai jini da ƙara, mai ƙaramin yaro ya sani. Kusa da shi akwai Panorama, zagayayyen gini mai zanen Louis Dumoulin na 1912, tsawonsa mita 110 a kewaye tsayinsa mita 12, ka tsaya a tsakiya dawakin Ney sun kewaye ka ta ko'ina. Tsohon abu ne amma har yanzu yana aiki a zuciya.

Shi kuma tudun zakin matakala 226 ne, tsayin ya kai wajen mita 40, ba lif ba wurin hutawa a tsakiya, mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya yi haƙuri ya zauna ƙasa. Sarkin Holan William na 1 ne ya sa aka tara shi, aka gama a 1826, a wurin da aka ji wa ɗansa Yariman Orange rauni a kafaɗa, zakin kansa na ƙarfe ne tan 28. Abin takaicin shi ne ƙasar da aka tara tudun da ita daga kan ainihin tudun da Wellington ya tsaya aka kankare ta, wato an ɓata siffar filin don a yi abin tunawa da filin. Amma daga sama komai a tafin hannunka yake, kuma a can jagoran ya bi mana yinin awa bayan awa. Wajen ƙarfe 2 d'Erlon ya hau da rundunarsa a cunkushe, Janar Picton na ɓangaren Wellington ya tare su aka harbe shi a ka, dawakin Ingila ƙarƙashin Uxbridge suka afka wa Faransawan suka watsa su har suka ƙwace tutocin mikiya biyu, sannan su ma suka zarce da gudu har cikin igwogin Faransa aka karkashe su, Janar Ponsonby na ciki. Wajen la'asar Ney ya hango motsi a bayan tudu ya ɗauka gudu ake yi, ya saki dawaki, aka yi ta ƙarawa har suka kai wajen 9,000 a ɗan tsakanin Hougoumont da gidan gonar La Haye Sainte wanda bai kai kilomita guda ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da masu jahi ranar hawan sallah ya ji yadda ƙasa ke rawa da dawaki ashirin kacal, to ya ƙiyasta wannan. Amma sojan Wellington sun dunƙule murabba'i-murabba'i, wuƙaƙen bakin bindiga a waje ta kowace fuska, doki kuwa ba ya faɗa wa tsini, sai suka yi ta kewaya su ana harbinsu, su koma su sake dawowa, kusan awa biyu, ba sojan ƙasa a bayansu, kuma ba wanda ya tuna ya toshe igwogin Ingila da suka riƙa wucewa ta kansu.

La Haye Sainte gidan mutane ne har yanzu, daga bakin titi kawai ake kallonsa, kuma titin motoci na gudu sosai a kula da yara. Jamusawa kusan 400 ƙarƙashin Manjo Baring suka riƙe shi har harsashinsu ya ƙare wajen ƙarfe 6, Ney ya ƙwace shi, tsakiyar Wellington ta fara rawa, ya aika a ƙaro masa sojoji Napoleon ya ce ina zan samo su, ƙera su zan yi? Jagoran ya nanata mana cewa a rundunar Wellington 'yan Birtaniya wajen kashi ɗaya cikin uku ne, sauran Jamusawa ne da 'yan Holan da 'yan Beljiyam, kuma da aka turo dakarun fadar Napoleon wajen 7 da rabi na yamma, cikin waɗanda suka mai da su baya har da rundunar 'yan Holan da Beljiyam ta Janar Chassé wanda a da shi ma Napoleon ya yi wa aiki. Ka ji alfahari a muryarsa da ya zo nan, kuma yana da gaskiyarsa.

Yanzu ga ƙorafina. A takardar tallan kamfanin an rubuta Plancenoit cikin wuraren da za a tsaya, amma da lokaci ya ƙure sai direba ya ratsa ta cikin ƙauyen kawai ba a ko buɗe ƙofa ba. Me ya cinye lokacin? An ware kusan awa guda a gidan gonar Mont-Saint-Jean don ɗanɗana giya, tunda yanzu akwai masana'antar giya a wurin, kuma kuɗin ɗanɗanon yana cikin abin da kowa ya biya ko kana sha ko ba ka sha, ba su tanadi ko lemo a madadinsa ba. Gidan kansa wuri ne mai daraja, nan ne asibitin da aka yi ta yanke ƙafafu da hannuwan dubban masu rauni ba allurar kashe zafi, masu tonon tarihi ma sun gano ƙasusuwan ƙafafun da aka yanke a gefensa a 2019, kuma akwai ɗan gidan tarihi kan aikin likitocin wanda ya cancanci a gani. Mu marasa sha can muka shiga, minti 20 ya ishe mu, sauran lokacin muka zauna jiran mutane. Laifin kamfanin ne da ya tsara haka, jagoran ma da kansa ransa bai so ba, ya ba mu haƙuri har sau biyu.

Dalilin da ya sa abin ya dame ni shi ne in ba ka ga Plancenoit ba to rabin yaƙin ka gani. Daga baya na koma da kaina. Ƙauye ne a bayan hannun daman Faransawa, tafiyar ƙafa kaɗan daga La Belle Alliance, in ka tsaya a dandalin cocin za ka gane cewa 'yan Furushiya sun kusa datse wa Napoleon hanyar komawa gida tun rana ba ta faɗi ba. Janar Bülow na Furushiya ya fito daga daji wajen 4 da rabi, Janar Lobau na Faransa ya tare shi da mutanen da ba su kai rabin nasa ba, aka tura matasan dakarun fada ƙarƙashin Duhesme, aka kore su, aka tura bataliya biyu na tsofaffin dakarun suka sake ƙwace ƙauyen da tsinin wuƙa, aka yi ta yi gida-gida har cikin maƙabartar coci. Sojojin da Ney ke roƙo a ba shi ƙarfe 6 nan suka tafi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a Plancenoit yawan ya shigo. Akwai abin tunawa na ƙarfe da Furushiya ta kafa a gefen ƙauyen, ba kowa a wurin sai ni.

A hanyar dawowa aka yi muhawarar da ta fi komai daɗi. Akwai wani dattijo ɗan Damagaram a cikinmu, ya yi lakwal, wato makarantar bokon Faransanci, tun zamanin da ake haddace tarihin Faransa, shi a wurinsa magana ɗaya ce, Grouchy ne ya ci amana, yana zaune a Walhain yana cin 'ya'yan itace ya ji rugugin igwa Janar Gérard ya ce mu nufi inda ake harbi ya ƙi. Ya juyo ya ce min, ɗana, ko kai ne ka ji ana kashe maigidanka ai ba ka tsaya karanta takarda ba. Na ce Alhaji Allah ya ƙara girma, amma takardar ai maigidan ne ya rubuta ta, kuma kwana biyu kafin nan an ga abin da ya faru da d'Erlon da ya bi umarni biyu. Jagoran ya ƙara da cewa daga Walhain zuwa filin ya haura kilomita 20 cikin taɓo ga kogin Dyle a tsakani, wasiƙar da Soult ya rubuta ƙarfe 10 na safe ma cewa ta yi ya ci gaba zuwa Wavre, wadda ta ce ya matso kusa kuwa an rubuta ta ƙarfe 1 ta isa hannunsa da yamma liƙis. Kuma shi Grouchy ɗin ya ci nasa yaƙin a Wavre, da ya ji labari washegari ya janye mutanensa ta Namur ya kai su Faransa a tsare. Alhaji bai sauka daga ra'ayinsa ba, ya ce janar na gaske yana sanin ranar da ake ajiye takarda, kuma gaskiya maganarsa ba ta da sauƙin turewa. Ni dai inda na tsaya shi ne Napoleon ya zauna a tsibirin Saint Helena har ya mutu ranar 5 ga Mayu 1821 yana ɗora wa Ney da Grouchy, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani, amma shi ya zaɓe su, shi ya ɓata safiyar 17, shi ya raina Wellington a teburin kumallo, kuma yana filin lokacin da Ney ke ƙona dawakinsa bai hana a ƙara masa wasu ba.

Ney ne ya fi ba ni tausayi duk da kurakuransa. Ɗan mai haɗa gangunan katako daga Saarlouis, shi ya riƙe bayan runduna a janyewar Rasha ta 1812 lokacin da sanyi da yunwa suka cinye dubban ɗaruruwa, a watan Maris 1815 ya yi wa Sarki Louis alkawarin kawo Napoleon a kejin ƙarfe sannan ya koma wajensa, a Waterloo an harbe dawaki da yawa a ƙarƙashinsa yana neman mutuwa ba ta zo ba. Ta same shi ranar 7 ga Disamba 1815 a Paris kusa da lambun Luxembourg, bayan majalisar manya ta yanke masa hukunci, kuma cikin masu ƙuri'ar a kashe shi har da 'yan uwansa mashal irin su Marmont da Victor. Moncey ya ƙi shugabantar kotun sojan da aka so ta yi masa shari'a aka ɗaure shi a kan haka, Davout ya je ya ba da shaida don kare shi. Murat an harbe shi a Pizzo a Oktoba, Brune 'yan zanga-zanga suka kashe shi a Avignon a Agusta, Grouchy ya tsere Amurka. Soult kuwa ya rayu har ya zama firaminista, ya je Landan naɗin Sarauniya Victoria a 1838 suka gaisa da Wellington, jikokin Bernadotte kuma har yau su ke sarautar Suwidin. Duk wannan a cikin mota jagoran ya ba mu, ba ya cikin abin da aka biya shi ya faɗa. Ya kuma tuna mana cewa waɗanda ba a san sunansu ba su suka fi yawa, Faransawa kusan 25,000 tsakanin matattu da masu rauni, ɓangaren Wellington kusan 15,000, Furushiya kusan 7,000, a yini ɗaya a wannan ɗan fili.

Ga masu niyyar zuwa, ku taho da abincinku daga gida ko ku saya a shagunan halal na Brussels kafin a tashi, wuraren cin abincin da ke kusa da zakin na 'yan yawon buɗe ido ne da tsada, kuma soyayyen dankalin ƙasar nan sau da yawa da kitsen shanu ake soya shi, mai kiyayewa ya tambaya. Kada ku sa ran masallaci a filin, ku riƙe alwala ku ɗauko sallaya, mu a kan ciyawa gefen wurin ajiye motoci muka yi azahar ba wanda ya ce mana uffan. Rigar ruwa dole ce ko da rana ta fito, iskar saman tudun ba wasa. A watan Yuni kusa da ranar 18 ana yin wasan kwaikwayon yaƙin da kaki da dawaki da igwa, yana da kyau ga yara amma cunkoso ba zai bari ka ji bayanin jagora ba, mai son fahimta ya zaɓi wani lokacin. Wanda ba ya jin Turanci ko Faransanci sosai ya tafi da mai fassara masa, don dukan daɗin a bayanin yake.

Kafin ka tura kuɗi ka rubuta musu ka tambaya, za a sauka a Plancenoit ko wucewa za a yi, minti nawa, kuma za a iya cire kuɗin giyar ga wanda ba ya sha? In suka yi ta kwana-kwana ka bar su, ku haɗu ku biyar ko shida ku ɗauki jagora mai zaman kansa ku je da motarku, ku ce masa a fara daga Le Caillou kuma a ba Plancenoit awa guda cur.